Idon Aro a Hanyar Marsin

Tabarauna ya karye ne a Santambul, a wurin alwalar wani masallaci da ke bayan masaukinmu, kuma wanda ya karya shi taubashina ne, Alhaji Ɗanjumma na Bilbis. Na cire shi na ajiye a kan dakali don in wanke fuska, shi kuwa ya zo ya zauna a kai da duk nauyin da Allah ya ba shi. Na ji ƙas! Ya ɗaga gefe guda ya laluba, ya zaro ƙarfen a lanƙwashe, gilasan sun zama tsaki.

"Subhanallahi! Sha-Yawo, mi ya kai idonka ƙarƙashina?"

Sha-Yawo yake kirana tun muna samari. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka tsakaninmu babu maganar da ba ta halatta, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Na yi dariya a lokacin don mutane na kallo. A raina kuwa ban yi ba.

Ga abin da ya kai mu can. Manoman riɗi na Nahuce da Kekun Waje da Bilbis sun gaji da sayar wa 'yan tsakiya, sai na samo labarin wani attajiri a Marsin, garin bakin teku a kudancin Turkiyya, mai suna Usman Bey, yana neman wakili a Zamfara wanda zai riƙa tara masa riɗi. Ni na nemo shi, ni na yi ta waya da shi da ɗan Turkancin da na tsinta a tafiye-tafiyen baya. Wakilcin nan nake so. Na yi karatu a Khartum, na yi aiki a Jidda, na yi tafinta a Kwatano da Dubai da Sin, bakina ya gina wa mutane da yawa benaye, ni kuwa gidana na Bungudu har yau katangar baya ta ƙasa ce. Gwiwoyina sun gaji. Ina son in zauna a Gusau wuri ɗaya, a riƙa cewa ga ofishin wakili can. Ɗanjumma an haɗa ni da shi ne kawai don shi ke sayen riɗi a kasuwannin ƙauye, shi zai riƙe samfur. In ka cire aikin Hajji, bai taɓa wuce Kaduna ba.

Tabarau ɗin nan mai hawa biyu ne, sama na hangen nesa, ƙasa na karatu. A Jidda aka yanka mini shi shekaru da dama, takardar awonsa ta ɓace tun ba yau ba. In ƙarfen ya tsufa sai in kai wa wani mai tire a kasuwar Gusau ya mayar mini da gilasan cikin sabo. Ban sake zuwa an auna ni ba. Idan babu shi, fuskar mutum daga taku kaɗan sai ta zama kamar curin fura.

Na ce wa Ɗanjumma kada ya damu, wannan aikin rabin sa'a ne. Na ja shi shagon tabarau na farko da muka gani, ko in ce da ya gani. Saurayin da ke ciki ya saurare ni har na gama, sannan ya miƙo hannu ya ce, "Recete?" Wato takardar likita.

Na ce ba ni da ita, amma ya auna ni a nan. Ya ce su masu shago ba su da izinin awo, aikin likitan ido ne. A kawo takarda su yanka, shi ke nan. Na nuna masa tsakin gilasan a cikin hankici, ya duba, ya ce ko injinsa ba zai karanta wannan ba. Shago na biyu haka, na uku haka, kamar sun haɗa baki.

Na ga yadda ake sayen tabarau a ƙasashe da yawa. A Sin, inda na je, cikin shagon ake zaunar da kai gaban inji, kafin ka shanye shayi an gama. A Kwatano da Gusau kuwa tire ne: ka ɗauki wannan ka duba jarida, ka ajiye ka ɗauki wancan, har ka dace, mai tire na cewa, "Wanga ya yi maka, Alhaji, har ka koma yaro." Ban taɓa shiga ƙasar da mutum zai zo da kuɗinsa da idonsa a ce sai ya kawo shaida ba.

Ya kamata in nemi likita a ranar. Amma asibitin da na tambaya sun ba ni ranar da ta wuce ranar ganawarmu da Usman Bey, kuma ban so in tsaya ina tambayar hanya a gaban Ɗanjumma ba. Ni ne jagora. Da bakina na gaya wa mutanen Nahuce cewa Turkiyya kamar tsakar gidana take.

Da muka fito daga shago na uku wani mutum mai zaƙin baki ya tare mu da Larabci, ya ce ya ga wahalar da muke sha, shi yana da ɗan'uwa mai taimakon baƙi ba tare da takarda ba. Ya bi da mu wani lungu, muka hau bene, aka fito mini da tire. Wallahi da na ga tiren nan sai da ƙwalla ta zo mini, na ji kamar in juya in ga masu lemu da masu gyaran agogo na kasuwarmu. Aka saka mini ɗaya, aka riƙe wani allo mai manyan baƙaƙe dab da hancina, na karanta. Aka yi ta tafi, na biya. Sai da muka sauko titi na gane gilashin taga ne, babu komai a cikinsa. Muka koma, ƙofa a rufe.

"Harsuna nawa ma kake ji?" in ji Ɗanjumma. "Da wanne anka cuce ka?"

Washegari muka hau bas zuwa Konya, inda za mu kwana kafin mu gangara teku. A tashar ce na fara ganin abin da ya fi karyewar tabarau ciwo. Ni ne mai karanta allo, amma ba na ganin allon. Sai Ɗanjumma ya riƙa kwatanta mini baƙaƙen Turkancin da bai sani ba, "akwai mai kama da ƙugiya, sai mai ɗigo biyu a ka," ina haɗawa. Daga baya ya gaji, ya bar ni tsaye da kaya, ya tafi ya nuna wa wani dattijo tikiti, ya buga ƙirji, ya ce "Konya!" Dattijon ya kamo hannunsa har bakin mota. Kafin azahar rabin motar sun san shi. Ya raba musu goro, suka tauna suka yamutsa fuska, aka yi ta dariya. Suka ba shi burodinsu mai kama da zobe wanda ake barbaɗe da riɗi, ya kankare riɗin da farce ya nuna kansa, ya nuna jakarsa. Ba ya jin kalma ɗaya, amma hira ake yi da shi. Ni da na san yadda ake gaida babba da yadda ake gaida ƙarami a harshensu, ina zaune jikin taga ina kallon hazo.

A Konya ne ya kawo shawarar da ta ƙarasa ni. Muna cin abinci ya ce, "Kai, ni fa ina da irin takardar ga da suka dame ka da ita."

Ashe 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta kai shi an auna shi a wani asibiti a Gusau kafin mu taso, aka yanka masa tabarau, ta ɗauki hoton takardar ta saka masa a waya. Na tuna ma na yi masa tsiya a lokacin, na ce tsufa ya kama bawana.

"To sai mi?" na ce.

"Sai in shiga in ce ina son na biyu, in fito in ba ka. Ba naka nake ara ba kullum a majalisa? Kakarmu guda, idonmu guda."

Wanda bai zauna majalisarmu ta Gusau ba zai ce wauta ce. Amma mu haka muke. Dattawa ne muke zama gindin wata darbejiya bayan la'asar, tabarau biyu ko uku ne ke zagaya mu duka. Saƙo ya shigo wayar wani, sai ka ji, "Miƙo mini idonka." Ɗanjumma ya sha ɗora nawa a hanci ya leƙa ta hawan ƙasa ya karanta. Ba wanda ya taɓa cewa ido da ido sun bambanta, kamar yadda ba a cewa buta ta wane ce. Na yarda.

Mai shagon da muka shiga mace ce mai natsuwa, ta kai sa'ar ƙanwata. Ta karɓi wayar, ta duba ranar da aka rubuta takardar, ta ce ba ta tsufa ba, za ta yi aiki da ita. Ɗanjumma ya hango hoton wata yarinya a bango tana ɗora wani ɗan abu kamar ɓawon kifi a ƙwayar idonta. Ya tambaya, na gaya masa gilashi ne da ake mannawa a ido, ba a ganinsa.

"Ce mata shi nake so! In koma Bilbis ba tabarau, a ce Turkiyya ta mayar da ni saurayi."

Na faɗa mata. Ta girgiza kai, ta ce wannan takardar ta tabarau ce kawai; na mannawa takardarsa daban, sai likita ya auna faɗin ƙwayar idon da lanƙwasarta, ya ga ko idon zai ɗauka. Ban taɓa jin daɗin fassara wata magana kamar wannan ba. Na juya na ce masa, "An hana ka. Kai ma ba ka da takarda." Har na maimaita.

Sai ta ɗauko ɗan ma'auni ta auna tsakanin idanunsa. Fuskar Ɗanjumma faffaɗa ce kamar faifai, tawa kuwa siririya. Ina kallo, wani abu ya ɗarsu a raina, na danne. Da muka zo karɓa ta saka masa da hannunta, ta gyara bayan kunne, sannan ta dube ni, don ta lura da yadda nake ƙanƙance ido, ta ce a hankali, "Amca, wannan nasa ne shi kaɗai." Amca kamar a ce baffa ne. Wannan maganar ban fassara ba.

A bayan shago na saka. Rubutun wayata ya fito, in na rufe ido ɗaya. Da na ɗaga kai kuwa sai titi ya karkace, ƙasa ta taso tana neman gwiwata. Ɗanjumma ya ce, "Sabo ne, zai saba da kai." Na ce haka ne. A matakalar tashar mota na taka inda babu mataki, na zube, gwiwa ta goge, hular ta yi nata wuri. Wata tsohuwa da za mu shiga mota ɗaya da ita ta ɗauko hular ta kaɗe, ta zuba mini wani turare mai ƙamshin lemun tsami a tafin hannu ta ce in shafa a goshi. Duk tsawon hanya tana leƙowa tana tambaya ko jirin ya sauka. Ban san sunanta ba, ban kuma ga fuskarta sosai ba, amma ina saka ta a addu'a.

Hanyar Marsin ta cikin duwatsu take ratsawa kafin ta gangara. Na cire tabarau saboda ciwon kai, na rufe ido. Ɗanjumma kuwa bai bar ni ba.

"Sha-Yawo, dubi dutsi! Dutsinmu na Kwatarkwashi ɗa ne a nan. Kai, ga itace har bisa kai. La ilaha illallahu, ga ruwan! Ruwa har ya haɗe da sama, ga jirage kamar an jera gidaje!"

Ni da na ƙetare Bahar Maliya a jirgin ruwa tun shi yana kiwon awakin kakarmu, yau shi ke ba ni labarin teku. Na ce masa, "Na sha gani." Ya ce, "To yau dai ni ke gani." A wannan saukowar na yi kewar gida irin wadda ban yi ba tun ina ɗalibi. Ba iyali na tuna ba, hanyar Gusau zuwa Bungudu na tuna, wadda ko an ɗaure mini ido na san inda kowane rami yake, ba mai riƙe mini hannu.

Ranar ganawa na saka tabarau ɗin, don na ga bai dace wakili ya shiga yana lalube ba. Aka kai mu wani babban sito kusa da tashar jiragen ruwa. Na daɗe ina shirya gaisuwata da Turkanci, mai tsawo, da addu'a ga iyaye da fatan albarka a kasuwa. Muna shiga na ga mutum tsaye cikin baƙar kwat, na kama hannunsa da hannu biyu na zuba masa ita tun daga farko har ƙarshe. Ya saurara cikin ladabi. Da na gama ya ce shi direba ne, maigidan ga shi can. Usman Bey ɗan gajeren tsoho ne cikin rigar sanyi, yana zaune a kan buhu, kuma tuni Ɗanjumma ya isa wurinsa ya zauna a buhun da ke kusa.

Na yi aikina, ba zan rage wa kaina ba. Duk abin da aka faɗa a sito ɗin nan ta bakina ya bi: irin riɗin, lokacin girbi, yadda za a kai shi Legas. Amma takardar sharuɗɗa da aka miƙo mini sai da na kai ta hanci na rufe ido ɗaya. In Usman Bey na magana, mutum biyu nake gani, ban san wanda zan kalla ba, sai in kalli tsakaninsu. Ɗanjumma kuwa ya kwance ƙullin kantun da matarsa ta yi masa a Bilbis, ya ɓantara ya ba shi. Tsohon ya tauna, ya lumshe ido, ya aika aka kawo irin nasu alewar riɗin. Suka yi ta musaya suna gardamar wanne ya fi, kowa da harshensa, suna bugun cinyar juna.

Can Usman Bey ya juyo wurina ya ce, "Gaya masa shi nake so ya zama wakilina. Kai malami ne, na ji Turkancinka, na gode. Amma tun da ka shigo kafaɗata kake kallo. Shi kuwa cikin ido yake dubana. Ni da ido nake ciniki."

Ba wanda ya ji wannan magana a duniya sai ni. Ɗanjumma na tauna kantu yana jira. Da na ce masa, "Ya ce ni zan zama wakili, kai kuma mai tara kaya," da ya ce madalla, da kuma na juya na gaya wa tsohon cewa ya gode amma ya ce a ba ɗan'uwansa. Tafinta ya san wannan ƙofar, kowane tafinta ya san ta. Na tsaya a bakinta har Ɗanjumma ya ce, "Mi ya ce? Ka yi shiru kamar an aiko ka da mutuwa."

Na ce, "Ya ce kai ne wakili."

"Ni? Ba kai ba?"

"Kai. Wai kana kallonsa cikin ido."

Ya daina tauna kantun. Sannan ya ce, "Gaya mishi idon naka ne na zauna a kai."

Na ce ba zan faɗa ba. Ya ce sai na faɗa. Da na ƙi, ya tashi da kansa ya zare tabarau daga fuskata, ya ɗora a buhu, ya yi kamar zai zauna, ya ce "ƙas!" da baki, sannan ya nuna nasa ya nuna wanda ke kan buhu, ya haɗa yatsu biyu. Usman Bey ya gane. Ya yi dariya har da tari. Na ɗauka zai sake shawara, zuciyata har ta ɗaga. Bai sake ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki waya ya kira wata likitar ido, 'yar abokinsa, ya sa direban nan da ya sha gaisuwata ya kai ni.

Likitar ta zaunar da ni a ɗaki mai duhu, ta yi ta sauya gilasai tana tambaya, wannan ko wannan? Ta karɓi na Konya ta saka a inji, ta dube ni ta ce, "Na wane ne?" Na ce na ɗan'uwana ne, kakarmu ɗaya. Ta ce ko idona na dama da na hagu ba awonsu ɗaya ba, balle na jikan kakata. Ta ce yanar ido ta fara taruwa a na hagun, ba ta kai a taɓa ba tukuna, amma in riƙa zuwa ana dubawa in na koma gida. Ta rubuta takarda ta buga hatimi. 'Yar ƙaramar takarda, ba ta kai tafin hannu ba. Na riƙe ta ina tunanin da na same ta a Santambul, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Da aka gama yanka sabon, na saka a ƙofar shago, duniya ta dawo da gefe da gefenta. Na ga teku, na ga jiragen. Sai na ga Ɗanjumma tsallaken titi yana ɗago mini hannu, cikin wata doguwar kwat mai ruwan toka da Usman Bey ya ba shi, ya ɗora ta a kan babbar riga. Na so a ce ta yi masa muni. Na duba da kyau, da tabarau na gaskiya, bisa takardar likita. Ta yi masa kyau.

Yanzu yana da ofis a Gusau, da allo a ƙofa. Riɗin Nahuce da Kekun Waje na tafiya, manoma na sa masa albarka, wasu har da ni. Mutane na cewa halinsa ne ya ba shi. Ni na ce dakalin alwala ne, kuma ba wanda zai raba ni da wannan.

Kwanan baya muna gindin darbejiya wayarsa ta yi ƙara. Ya laluba aljihu, ashe ya bar nasa tabarau a mota. Ya miƙo hannu ko kallona bai yi ba.

"Sha-Yawo, miƙo idonka."

Na ce, "Ina takardarka?"

Majalisa ta fashe da dariya. Ya ce, "Kai dai baƙin ciki zai kashe ka, bawana. To karanta mini, ai da Turkanci ne."

Na gyara zaman tabarauna, na karɓi wayar wakili, na bar shi yana jira har na gama goge gilasan da bakin riga, ɗaya bayan ɗaya.